Katakon 'Yan Koyo

Sau biyu Barewa ta yi tsalle, sau biyu alƙalin wasa ya ɗaga mata jar tuta. Saura ɗaya. In wannan ma ya lalace, za a cire ta daga ƙungiyar, ɗakin da aka ba ta a bayan filin wasa kuma ya koma hannun wata. Ɗaki ne ɗan ƙarami mai famfo a ƙofa, amma a cikinsa jaririyarta take kwana, kuma tun da mijinta ya tafi neman aiki ba ta da wani wurin da za ta shimfiɗar da ita.

Tsallen nasu kashi uku ne. Za ki kwaso gudu ki taka katako, ki tashi da ƙafa ɗaya ki dira a kanta, ki yi dogon taki zuwa ɗayar, sannan ki wulla kanki cikin ramin yashi. Koci, mai horar da su, kullum faɗa yake cewa gudun da mutum ya kwaso shi ne guzurinsa, kowace dira sai ta ci wani abu a ciki. Wanda ya yi sama a tashin farko ya cinye guzurin tun a bakin ƙofa.

Katako biyu ne a kan hanyar. Na nesa da ramin na manya ne, na kusa kuwa na 'yan koyo. Daga wanda mutum ya taka ake fara awo. Kafin ta samu ciki, Barewa ko kallon na kusa ba ta yi, ai ba a banza aka laƙaba mata sunan ba. Shi ya sa da alƙali ya tambaye ta wanne za ta taka, ga 'yan matan ƙungiya sun kasa kunne, bakinta ya riga ta cewa na nesa.

A karon farko, tana tashi ta hango faɗin da ya rage kafin yashi, gabanta ya faɗi, ta cilla kanta sama don ta ci nisa. Ta diro da nauyi, gwiwar ta lanƙwashe, sauran sai da gudu ta ƙarasa. A na biyu ta cika ukun, amma dugadugarta ta bugi simintin bakin ramin. Har yanzu zafin yana hawa mata zuwa ƙugu.

Ta ɗingisa zuwa inuwar benci inda ƙanwarta take jijjiga jaririyar. Yarinyar ta ji ƙamshin uwarta, ta fara kuka tana wawurar iska. Ƙanwar ta ce a haƙura haka, a tattara kaya a tafi gidan kawu, ko da kuwa a falo ake kwana kai da ƙafa.

"Yaya, in ƙafar nan ta karye, wa zai goya ta? Ni makaranta nake zuwa."

Barewa ta dubi ƙirjinta. Nono ya cika har ya jiƙa rigar wasan. Ta cusa ɗan tawul a ciki, ta tsaya tana kallon hanyar. Tun da aka fara, idonta ba ya kan katako, ba ya kan sandar da Koci ya kafa a yashi a matsayin iyakar da za a wuce. Simintin nan kawai take gani. Tsoronsa ne yake ɗaga ta sama, saman kuma yake cinye mata gudu.

Ta je ta sami Koci, ta ce a mayar da ita katakon kusa. Ya zare usur daga bakinsa.

"Na yara? Ke Barewa?"

"Koci, tef ɗin awo ya san na yara ne?"

Ya gargaɗe ta cewa ko yatsa ɗaya ba za a rage mata ba, sandar ma ciki za ta ƙara matsawa. Ta ce ta sani. Alƙali ya yi ta gunaguni, amma gwajin cikin gida ne, maganar Koci ce ta ƙarshe. Aka zare sandar aka kai ta can tsakiyar ramin, ta yi nisa kamar a wani gari. Wata daga cikin 'yan matan ta ce wai Anti ta koma aji ɗaya, a nemo mata allo. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Barewa ta matsar da alamar fara gudunta gaba. Kukan yarinyar ya cika filin, ta cije leɓe, ta taho.

Ta taka katakon ba ta rage gudu ba. Wannan karon ba ta nemi sama ba, ta bi ƙasa-ƙasa kamar dutsen da aka wulla a kan ruwa. Dirar farko ta soke ta a dugaduga, amma ƙafar ta riƙe. Takin tsakiya ya miƙe. Yashi na nan a gabanta, kusa, babu abin tsoro. Ta tattara ɗan abin da ya rage ta wulla ƙafafuwanta gaba. Da ta dira jikinta ya so komawa baya, ta tuna daga sawun da ya fi kusa da katako ake awo, sai ta ƙi sa hannu, ta kife da fuska a yashi.

Farar tuta ta tashi. Alƙali ya ja tef, ya durƙusa, ya sake ja. Koci ya leƙa ta kafaɗarsa, ya daɗe.

"Kin wuce, 'yata. Da faɗin yatsa biyu."

Ba ta iya tashi ba sai da ƙanwarta ta kama ta. A bakin ramin ta zauna, kan simintin da ya kusa karya ta, ta tofar da yashi, ta goge ƙirjinta da tawul ta karɓi yarinyar. Kukan ya tsaya. Dugadugar ta kumbura har takalmin ya ƙi fita, Koci kuma yana faɗa mata akwai wani gwajin nan gaba.

Ta ce da ƙanwarta ta je ɗaki ta jiƙa tsumma a famfo ta kawo mata, mukullin yana cikin jakar kayan jaririya.