Ingiricin Gonar Gado

Nafissatou tana shigowa gida ta tarar da goɗiyar mahaifinta tana lasar bango, har ta yi masa rami. Ta jingine babur, ta je ta shafa bayanta. Haƙarƙari duk a waje, ƙafar baya tana ɗingishi, alhali ga ingirici tari guda a gabanta.

Daga garin Dapaong, can arewa, ingiricin yake zuwa. Tun da mahaifin nata, Malam Dogo, ya bar tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya, ya zauna a Zangon Sokodé, bai yarda goɗiyar nan ta ci ciyawar ko'ina ba sai ta gonar ubansa, wadda ƙanensa Salifu ke nomawa. Su biyun sun daɗe ba sa magana, tun wata kalma da ta shiga tsakaninsu ranar rabon gado. Amma duk kaka Salifu zai yanka, ya shanya, ya ɗaure, ya ɗora wa direba, Dogo kuma ya karɓa ya ce a gaishe shi. Iyakar zumuncin ke nan.

Ita Nafissatou a asibitin dabbobi take aiki. Ta ba goɗiyar maganin tsutsa, ta duba haƙoranta, ba ta ga komai ba. Daga nan ta ɗebi ingiricin ta aika ɗakin gwaji ba da sanin uban ba. Yau aka kira ta da sakamako.

Ta same shi a inuwar mangwaro bayan la'asar, ta durƙusa ta yi masa bayani a hankali. Ba guba, ba ruɓa. Ciyawar ce dai ba ta da sinadaran da ke gina ƙashi, domin ƙasar da ta fito da ita ta gaji.

"Ciki yana cika, Baba, amma ƙashi ba ya samun komai. Shi ya sa take cin bango."

Ta ce akwai harawar gyaɗa da ta wake a nan kasuwa, za ta haɗa da garin ƙashi da gishiri, in Allah ya so kafin damina goɗiya ta miƙe. Na Dapaong kuwa a haƙura da shi. Tana faɗa tana jin nauyin maganar, don ta san abin da za a yanke ya fi ciyawa.

Dogo ya juya ya dubi goɗiyar. Can ya ce a zamanin ubansu shanu ne ke kwana a gonar nan duk rani, dawa har ta fi mutum tsayi. Ya tambaya ko Salifu yana da sauran shanu. Ta ce ya sayar tun rashin lafiyar matarsa. Ya tambaya ko daga gonar ce iyalinsa suke ci. Ta ce daga ita ce.

"To, sayo harawar," in ji shi. "Ki kuma nemo mini buhuna. Kashin dokin nan da na tumakin maƙwabta, duk a tara. Mota za ta tafi arewa ran kasuwa."

Ta miƙe za ta tafi, ya ce ta dakata, ya miƙa mata wayarsa.

"Sa mini lambar baffanki. Taki ba ya tafiya ba sallama."

Ta sa, ta ba shi. Wayar ta yi ta ƙara, sannan wata murya ta amsa daga can nesa. Dogo ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Salifu, ni ne. Ina gajiya?"