Turancin Dogo a Bakin Masaƙi

"Malam Shitu, ajiye saƙar nan ka zo. Maƙwabcinka ya koma wancan yaren, na rasa abin da yake so."

Hansai ce, matar Dogo. Sai da ta taka turmi kafin kanta ya leƙo ta saman katanga, don katangar ta fi da tsawo. Shitu ne ya ƙara mata ƙasa a ranin bara, ya ce wai saboda awaki. Duk unguwa ta san ba awaki ba ne.

Bai tashi nan da nan ba. Ya ƙara jefa ƙoshiya, ya buga zaren ya zauna, sannan ya zare ƙafafunsa daga masaƙa.

"Wane yaren?"

"Ka san wanda nake nufi. Tun hantsi abu ɗaya yake maimaitawa. Na ba shi ruwa ya ture, na ba shi kunu ya ture."

"To ni me na sani a yaren Nasara, Hansai? Ai yana da ɗalibansa."

"Ɗaliban da ka kora?" ta ce, ta sauka daga kan turmin.

Tare Shitu da Dogo suka tashi a Gozaki, gida jingine da gida. Shitu ya zauna ya gaji masaƙar ubansa. Dogo ya bi fatake yana ɗaukar kaya, aka daina jin ɗuriyarsa har aka fara sa shi cikin addu'ar mamata. Sai ga shi ya dawo da furfura da tari da wani akwatin kwano cike da takardu. A Lakwaja ya zauna, yana aiki a jiragen ruwan Turawan kamfani. A wancan zamanin, a Gozaki labarin Bature kawai ake ji, kamar labarin aljani.

"Suna hawowa," Dogo yakan ce a ƙofar masallaci. "Na gan su da idona suna auna kogi. Ran da suka iso, in babu ɗanku mai jin maganarsu, wani baƙo ne zai tsaya tsakaninku. Ya faɗa musu abin da ya ga dama, ya faɗa muku abin da ya ga dama."

Dattawa su gyaɗa kai, su ce, "Allah ya kyauta." Da wannan kalmar mutanenmu suke rufe bakin duk wanda ya nemi su tashi tsaye. Sai su koma hirar auduga da damina, kamar duniya ta ƙare a ganuwar gari.

Samari ne suka saurare shi, waɗanda suka riga suka yi sauka, ba su kai aure ba. Dogo ya kafa zana a tsakiyar zaurensa. Shi ya zauna a bayanta, su a gaba, ba sa ganin bakinsa ba sa ganin hannunsa.

"Kunne nake koya wa, ba ido ba," ya ce.

Sai ya kira sunan yaro, ya faɗi magana da Turanci, yaron ya tashi ya aikata. Ba a fassarawa. "Aku ma yana maimaita magana," in ji Dogo. "In ka ji, ka yi in gani." Wani mai suna Mati ya yi wata guda duk abin da aka ce masa sai ya kawo buta, har aka sa masa suna Sarkin Buta. Bayan azahar kuma a buɗe akwatin kwano. Takardun da ake naɗe kayan kanti ne, da tsofaffin shafuka masu ƙananan baƙaƙe. Yaro ya karanta, Dogo ya ce, "Ba waƙa nake so ba. Kife takardar. Wa ya zo? Me ya kawo shi? Ya samu ko bai samu ba?"

Duk cikinsu babu kamar Sanda, ɗan Shitu.

Sanda ɗan fari ne. Tun ran da aka haife shi Shitu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗora shi a cinya ba, don kunyar ɗan fari. In yana nemansa ya ce "kai," in yana maganarsa ya ce "yaron nan." Haka ubansa ya yi da wansa, haka kowane mai kunya yake yi. Bai taɓa jin abin ya dame shi ba sai da Dogo ya dawo. Dogo bai haihu ba, ba shi da wanda zai ji kunya. Daga safe har yamma sunan yana tsallako katanga. "Sanda, tashi." "Sanda, madalla." Wani lokaci har "Sanda ɗana." Sai dariyar yaron ta biyo baya. Shitu ya lura bai san muryar dariyar ɗansa ba sai ta saman katanga. A gida yaron ya durƙusa ya gaida shi, kai a ƙasa, ya wuce. Turakun wadari, inda ake miƙe zare kafin a ɗora shi a masaƙa, suka tsaya babu mai zagaya su.

Wata rana a bakin rijiya Dogo ya ce, "Shitu, yaron nan naka kunnensa zinariya ne."

Shitu ya ce, "Ka haifi naka mana, ka yi ta auna kunnensa."

Dogo ya ɗauki gugansa ya wuce. Bayan wannan ne katanga ta ƙara tsawo. Da auduga ta fashe bana, Dogo na kwance tari ya ci ƙarfinsa, Shitu ya tura yaron garin Ƙarfi wajen ƙanensa, wai a taya su tsinka. Ya kuma bi iyayen sauran samarin ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu ko sun taɓa jin an shiga aljanna da yaren Nasara. Ba su yi gardama ba. Dama neman dalili suke yi.

Yanzu ga Shitu tsaye a ɗakin Dogo. Mutumin ya fi tabarmarsa tsawo, ƙafafunsa a kan daɓe, sun bushe kamar karan dawa. Idonsa a buɗe amma ba ɗakin yake kallo ba. Ya ja numfashi, ya faɗi wata gajeriyar magana, a tsanake, irin yadda yake yi a bayan zana. Ya dakata kamar yana jiran wani ya tashi. Ya sake faɗa.

Kalma ɗaya Shitu ya gane, ta farko. Sanda.

Mutum na gaɓar mutuwa, ga matarsa, ga abokin yarintarsa, amma ɗan wani yake kira, da yaren da zai bar uban a waje.

Shitu ya durƙusa ya kai baki kunnensa. "Dogo, ce La'ilaha illallahu."

Dogo ya sake faɗin tasa maganar.

"Ka riƙe masa ita," Hansai ta ce daga bakin ƙofa. "Kai ne mai hadda. Ni kaina ba ya riƙe komai."

"In riƙe abin da ban san ma'anarsa ba?"

"Yau ka fara?"

Bai yi niyya ba. Amma kunnen da aka hora tun yarinta a gaban allo ba ya neman izinin mai shi. Kafin azahar maganar ta zauna masa daram, da inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta.

Dab da la'asar idon Dogo ya dawo ɗakin. Ya dubi Shitu ya daɗe.

"Ka ƙara wa katanga tsawo," ya ce da Hausa.

"Saboda awaki ne."

"Awaki," Dogo ya ce, gefen bakinsa ya motsa. Shitu ya sake laƙƙana masa kalmar shahada, wannan karon ya karɓa. Daga nan rai ya yi halinsa.

Da farin da Shitu ya saƙa aka yi likkafani. Sai da aka ƙara ƙyalle, don tsawon mutumin. Aka aika Ƙarfi, amma kafin Sanda ya iso washegari har ƙasar kabarin ta fara bushewa. Ya durƙusa gaban ubansa ya yi gaisuwa, idonsa jajir, ya tashi ya shige zauren Dogo. Can ya wuni. Can ya sake wuni.

Hansai ta gaya masa an bar masa magana, tana bakin ubansa. Yaron ba zai iya tambaya ba, sai ita ta sake hawa turmi.

"Yaron na jira."

"Na manta," Shitu ya ce, bai ɗago ba.

"Ka manta?"

"Shirmen zazzaɓi ne. Wa yake riƙe shirmen zazzaɓi?"

Ƙarya yake yi. Maganar ta hana shi sakat. In ya jefa ƙoshiya ta tafi da rabinta, in ta dawo ta dawo da sauran. Yana alwala tana bakinsa. Kuma ya riga ya fassara ta a ransa yadda tsoro ya nuna masa: Sanda ɗana, ka ɗauki akwatina, ka tafi Lakwaja, kada ka ruɓe a gindin masaƙa. Me kuma mutumin zai ce? Ga ayarin fatake ya sauka a bayan gari, za su kudu, an kuma ga Sanda tsaye da madugunsu. In Shitu ya yi shiru, maganar ta bi mai ita kabari. Dogo ya ci yaron yana da rai, ba zai ci shi yana mace ba.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, Hansai ta tare shi a ƙofar gida.

"Gobe zan cire zanar nan in gyara dangar gidana da ita. Ayari ma gobe zai tashi." Ta gyara mayafi. "Malam Shitu, mijina bai bar gona ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari ke nan, yana cikin bakinka. In za ka haɗiye, ka haɗiye, amma ka san amanar mamaci ka ci."

Washegari da hantsi Shitu ya shiga zauren Dogo. Sanda na zaune gaban zana, akwatin kwano a gefensa, an ɗaure shi da igiya kamar kayan tafiya. Ya yunƙura zai durƙusa, Shitu ya yi masa alama da hannu ya zauna. Ba zai iya faɗa suna kallon juna ba. Ya zagaya bayan zanar. Buzun Dogo na nan, gashinsa ya ƙare a inda yake zama. Ya zauna a kai.

Ya yi niyyar tsallake kalmar farko. Ya buɗe baki daga ta biyu, abin ya ƙi fitowa. Ya sake gwadawa, ya kakare. Hadda ba ta kamuwa daga tsakiya, sai an ɗauko ta daga kai. Ya dubi saƙar zanar, haske na ratsowa ta ƙananan kafofi, yana ganin inuwar yaron ba ta motsi.

"Sanda," ya ce.

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Inuwar ta ɗago kai. Shitu ya rufe ido ya zubo sauran, da ɗaga murya da sauke ta, yadda mamacin ya yi.

Sannan ya ji yaron ya tashi, ya ji takunsa ya fita.

Ya daɗe a kan buzun. Daga bayan gari ana jin hayaniyar masu ɗaure wa jakuna kaya. Ya ce a ransa, shi ke nan, da bakina na kore shi. Da ya fito daga bayan zanar sai ya ga akwatin na nan inda yake.

A tsakar gidansa ya same shi. Yaron ya tuɓe riga, ya gyara turakun da suka karkace, ya ɗauko zare ya ɗaura a na farko.

"Kai," Shitu ya ce. "Me ya ce?"

"Ba a fassarawa, Baba. Yi ake yi." Ya miƙo masa bakin zaren, idonsa a ƙasa. "Kullum da ita yake korata gida in rana ta yi sanyi. Ni ne nake yi kamar ban gane ba."

Shitu ya karɓa. Ya so ya ji daɗi kawai, amma wani ɗaci ya biyo daɗin. Ashe ko wannan ma sai da Dogo ya ce. Ya kama zaren da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Ayari ya biyo ta bayan unguwa, ana kora jakuna. Sanda ya tsaya a tsakanin turaku biyu, kunnensa a can, har ƙarar ta yi nisa. Sannan ya ci gaba da tafiya da zaren, ya kai ƙarshe, ya juyo.

Wata akuyar Hansai ta hau turmin da aka bari, daga nan ta haye saman katangar. Ta tsaya a kan sabuwar ƙasar tana tuƙa, tana kallon su.