Wiwi a Rumbun Goggo Buaphan

Buhu goma sha biyu na shinkafa Buaphan take bin Khamtan, ɗan ƙaninta marigayi. Shanshera ce, wadda ba a surfe ba, ta mai danƙo. Ya ci bashin ne shekarar da ya dawo daga aikin gini a Bangkok da karyayyiyar ƙafa, aljihu wayam, ga ruwan sama ya ƙi sauka. Ba ta hana shi ba. Amma sai da ta kira mai gari da wasu dattawa, a gabansu aka yanke magana: idan watan buɗe rumbuna na bana ya mutu bai biya ba, gonarsa ta bakin rafi ta zama tata.

Ita kuwa ba son gonar take ba. A gonar nan ƙanin nata ya tsufa, shi ya haƙa duk wata kunya da ke cikinta, kuma idan ta fita daga hannun ɗansa, Khamtan da iyalinsa sai dai su koma birni kwana a ƙarƙashin gada. To amma rabin garin nan bashinta ake ci. Wannan agwagi biyu, wancan kuɗin taki, waccan tukunyar daddawar kifi tun bikin 'yarta. Ta yafe wa guda, gobe duk su zo da labarin ƙafarsu. Ba ta taɓa yafewa ba, ba kuma za ta fara a gaban mai gari ba.

Abin da Khamtan ya dogara da shi wiwi ne. Ƙungiyar manoman garin ta samu takardar izini, ana nomawa ana sayar wa wani asibitin maganin gargajiya da ke cikin lardi, shi ma ya samu layukansa a cikin shingen ƙungiya. Ya iya noma, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Kawunan wiwinsa sun cika sun yi danƙo har suna rinjayar reshe. Matar da take saya wa asibitin ta zo ta gani, ta ce za ta ɗauka da daraja, sharaɗinta ɗaya: ya bushe da korensa. Wanda ya koma ruwan ƙasa, kuɗin ganye take ba shi.

Ya yanke rabi, ya ajiye a ƙarƙashin gida, ya hau babur ya tafi gari sayo igiya. Matarsa Nuphin ta fito ta ga abu a jibge ɗanye, ga rana tana ta zuba a banza. A garin nan me ake yi da ɗanyen abu? Barkono a rana ake shanya shi, kifi a rana, naman ɓauna a rana, ganyen taba ma haka. Ta ɗauko tabarmi ta shimfiɗa a tsakar gida, ta baje shi tsaf, har tana juyawa da hannu kada wani ɓangare ya fi wani. Babur ɗin Khamtan ya lalace a hanya, bai dawo ba sai washegari da yamma. Ya tarar da wiwinsa ya yi launin tsohuwar igiya, ƙanshin duk ya bi iska.

Buaphan tana zaune a kan gadon gorarta tana taunar irin goron ƙasarsu ta ji ihun. Ba ta tashi ba. Daga baya maƙwabciyarta Sangwan, mai bashin agwagi biyun nan, ta zo da rahoto: Khamtan ya ce wa matarsa kanta da kan kifin da take shanyawa ɗaya ne, ita kuma ta ce shekara nawa yana cin abin da ta shanya bai mutu ba, kuma da ya faɗa mata kafin ya hau babur, bakinsa ne zai karye? Buaphan ta tofar da jan yawu ta ce yarinyar ta fi shi gaskiya. A ranta kuwa lissafi take. Rabi ya tafi. Rabin da ya rage, idan ya fita da korensa, zai kai buhu goma sha biyu da ƙyar. Idan bai fita ba, shi ke nan.

Inda zai shanya ne ya gagara. Ana son wuri mai duhu, mai sanyi, iska tana ratsawa ba ta bugawa. Gidansa rufin kwano ne, da rana kamar cikin tukunya. Ɗakin ƙungiya ya cika da na wasu. Da safe sai ga shi a ƙofar gidan Buaphan, ya durƙusa, yana magana da ita idonsa yana kan rumbunta. Rumbun katako ne tun na mahaifinta, a kan dogayen ƙafafu, jinka a sama, tsakanin katako da katako iska tana shiga amma haske ba ya samun hanya. A ranar ake zuba shinkafar bana a ciki.

"Ka san abin da kake roƙo?" in ji ta. "Yau zan kira kurwar shinkafa in rufe ƙofar nan. Ba ta buɗuwa sai uku ga watan uku. Ko ni ba na leƙawa."

"Na sani, Goggo."

"Ba ka sani ba. Uwarka ce ta sani. Kai kana tsammani idan ka zo ka yi mini wannan fuskar ta ɗan kare zan ba ka tsani."

Ya rantse ba zai tambaya ba. Ta bar shi ya hau ya ɗaure igiyoyi a jikin sandunan jinka, ya rataye reshe-reshe kai ƙasa, kowanne nesa da ɗan'uwansa, a saman tarin shinkafar. Da ya sauko ta hau da kanta, da dafaffen ƙwai da ayaba da dunƙulen shinkafa, ta kira kurwar ta zo ta zauna, kada ta tsorata da baƙon da aka rataye mata, ɗan gida ne. Ta ja ƙofa ta ɗaure. Abin da za a ci kafin ranar buɗewa dama an ware shi a tuluna a ƙarƙashin gida, kamar kowace shekara.

Da farko lafiya lau, sanyi ne da busasshiyar iska daga tsaunuka. Sai sama ta ɓata rai ba a lokacinta ba. Yayyafi kwana da kwanaki, ƙasa ta jiƙe, tufafi a igiya suka ƙi bushewa. A ɗakin ƙungiya aka ce na mutum biyu ya yi fumfuna, an kwashe an ƙone. Rantsuwar Khamtan ba ta kai ko'ina ba. Ya zo ya ce ba fitar da komai zai yi ba, hannu kawai zai sa ya taɓa. Ya dawo ya ce to a ɓalle katako ɗaya ta baya, ai katako ba ƙofa ba ne. Ya turo Nuphin da kwaɗon gwanda. Buaphan ta cinye kwaɗon ta mayar da kwano ta ce barkono ya yi kaɗan.

Ba mugunta ba ce. Wanda ya buɗe rumbu kafin ranarsa, kurwar shinkafar ta gudu, shinkafar ba ta yin auki, ana ɗiba tana ƙarewa kamar ana sata. Haka ta taso ta tarar, kuma bakuna da yawa ne suke jiran rumbun nan har wata kakar. Ta buɗe don gonar mutum ɗaya ta sa gida cikin yunwa? Amma abinci ya daina yi mata daɗi. Kullum sai ta ga kajinta sun shiga ƙarƙashin rumbu, sai ta bi su da sanda, ta daɗe a can tana kora. Sangwan ta leƙo ta kan shinge ta gan ta tsaye, hanci a jikin tsagar katako, babu kaza ko ɗaya a wurin.

"Yaya Buaphan, da tsufanki kika koma shaƙa? Ki bari a naɗe miki shi a takarda mana."

"Ke dai ki kawo mini agwagina kafin su haifi jikoki, don da jikokin zan karɓa."

Abin da hancin yake gaya mata ba ta gane shi ba. Wata rana kamar ɗanyar ciyawa, wata rana kamar ba komai. Warin fumfuna ta sani, bai zo ba, amma wa ya san abin da ke can sama cikin duhu? Ta fara shirya maganar da za ta yi a gaban mai gari idan abin ya lalace, duk wadda ta shirya sai ta ji ba ta iya fitar da ita.

Yayyafin ya wuce, sanyi ya dawo. Jinjirin watan uku ya tsaya. Ranar buɗewa tun da sassafe garin ya cika da ƙarar tsani a jikin rumbuna, kowace uwar gida da kwandon kayan kiranta. Khamtan ya riga ta zuwa gindin rumbun, ya yi wanka ya sa farar riga kamar mai zuwa kotu, Nuphin tana bayansa. Buaphan ba ta yi sauri ba. Ta hau, ta ajiye furanni da kyandir, ta gaida kurwar, ta nemi izini, ta kwance igiyar. Ƙanshi ya fito ya buge ta har ta riƙe bakin ƙofa. Ba wari ba ne. Ta ɗebi ƙwaryar farko ta shinkafa, wadda za a kai haikali, ta sauko da ita a hankali, sannan ta ce masa ya hau.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito, reshe ɗaya ne a hannunsa, ya kare shi da jikinsa kada rana ta taɓa. Ya kawo inuwar gida. Kore ne shar, da jan gashinsa, da farin ƙyallinsa kamar an barbaɗa gishiri. Ya lanƙwasa ƙaramin reshe, ya karye ƙas. Ya tsaga wani kai da farce ya duba ciki, babu fumfuna. Shinkafar da ke ƙasa ta shanye laimar, saman tarin ne kawai ya ɗan yi sanyi. Nuphin ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zaninta. Khamtan yana ta dariya babu dalili. Buaphan ta ce masa ya rufe baki ya je ya sauko da sauran, ba ta son rumbunta a buɗe duk yini. Ta koma gadon gorarta, ta sa aka kawo mata shinkafa da gasasshen kifi, ta cinye tas, ta nemi ƙari.

Sauran aikin a kwalabe aka yi shi. Suka gyara kawunan suka zuba, suka jera a ƙarƙashin gadon Buaphan, suka rufe da bargo. Nuphin ce take zuwa tana buɗe murafan su sha iska ta mayar, kuma duk zuwan sai Buaphan ta tambaye ta ko a fito da tabarma. Kafin watan ya tsufa matar asibiti ta zo, ta ɗaga kwalba ta juya, ta shinshina, ta auna, ta biya ba ciniki.

Khamtan ya kawo shinkafar a bayan motar haya, a gaban mai gari da dattawan nan. Buaphan ta sa aka kwance kowane buhu, ta tura hannu har gwiwar hannu, ta ciza ƙwaya. Na bakwai ta ce bai cika ba, aka ƙara ƙwarya biyu. Sannan ta faɗa da ƙarfi yadda na bayan shinge za su ji: an biya, gona ta mai ita ce. Mai gari ya miƙe zai tafi, ta ce ya ɗan zauna.

Ta sa aka ɗebo shinkafa daga saman tarin rumbunta ta miƙa wa Khamtan ya shinshina. Wiwi zalla. Ta ce wannan ba ta kaiwa haikali, ba ta kuma ba jikokinta su kwana suna yi wa bango dariya. Buhu guda ne cif ya ɓaci, kuma a wuyansa yake.

"Goggo, ai a ƙaiƙayi ƙanshin yake. Idan aka surfe shi ke nan."

"To ka ɗauka ka surfe ka ci. Nawa dai buhu guda, baɗi war haka."

Mai gari ya tambaya ko me za a ajiye jingina a kan wannan buhun. Ta ce babu, ta san gidansa.