Turaku Huɗu a Gonar Mailafiya

Duk Madabo an san Mailafiya da abu biyu, taurin kai da dawar kaura. Taurin kan nasa ne, shi ya nemo abinsa. Dawar kuwa gado ce, ita da gonar da take fitowa, can yamma da Dala a cikin badala, inda gidaje ba su kai ba a wancan zamani. Ubansu ya rasu ya bar musu gonar su biyu, shi da ƙanensa Lawal, ba a raba ba. Lawal tela ne a Ƙofar Wambai, rabonsa da fartanya tun yana saurayi. Da kaka dai a ɗauko dammunansa a kai masa gida.

Shekara biyu kafin Sarauniyar Turawa ta zo Kano, dammunan nan suka zama abin kunya. Burtuntuna ta shiga dawar damina uku a jere. Ka hango zangarniya ƙatuwa, ka matso ka murza ƙwaya, sai ta fashe, baƙin gari ya zubo maka a hannu kamar kunkunniya. Luba matar Mailafiya ta ce in ta tuƙa tuwo sai ka ce da toka aka haɗa.

Ana cikin bazara Lawal ya zo ya zauna a zaure, ya gama gaisuwa, ya ce, "Yaya, ni fa na gaji. Akwai wani attajiri a Mandawari yana neman fili. In bana ma haka ta yi, a sayar, kowa ya kama gabansa."

"Gonar Baba?"

"Baba dawa ya bar mana, bai bar mana gawayi ba."

Mailafiya ya san in maganar ta je gaban alƙali, Lawal na da rabi, ba mai hana shi.

Bayan kwana takwas sai ga wani saurayi a kan keke, da gajeren wando da jakar fata, ɗan aiken mai unguwa na biye da shi. Ya ce sunansa Malam Maharazu, malamin gona ne. Ya ce ana binciken cutar burtuntuna can wajen Zariya, kuma an ba shi labarin gonar nan.

"Wa ya ba ka labarin?" in ji Mailafiya.

"Malam Lawal. Shi ke yi mini ɗinki."

Mailafiya ya ce, "Uhm." Wannan uhm ɗin, duk wanda ya san shi ya san ba na alheri ba ne.

Malamin ya nemi a kawo masa zangarniya mai cutar. Ya kaɗe ta a kan farar takarda, ya fito da wani ɗan gilashi mai ƙara wa abu girma, ya ce, "Baba, leƙa ka gani. Wannan baƙin garin ba datti ba ne, iri ne. Irin cutar ke nan. Wajen sussuka yake manne wa lafiyayyar ƙwaya. Ka shuka su tare, su tsiro tare, ita cutar ta bi cikin kara ba ka ganinta, sai dawa ta fid da kai sannan ta cinye ƙwayar. Kai da hannunka kake shuka ta duk shekara."

"Ni nake shuka burtuntuna? Shekarata talatin ina noma, yau ɗan makaranta zai gaya mini abin da nake shukawa."

"Ba laifinka ba ne, Baba. Akwai wani gari da muke gwadawa. In an cuɗa iri da shi, yana kashe ta tun kafin ta farka. Mun gwada a kan farafara ya yi, ba mu gwada a kan kaura ba."

Mailafiya ya so ya ce a'a, amma ga ɗan aiken mai unguwa a tsugune yana sauraro. Dole ya shiga gida ya ɗebo mudu biyu daga irin da ya ajiye. Malamin ya zuba su a cikin gora, ya barbaɗa wani gari ja, ya toshe bakin, ya yi ta girgizawa har ya yi gumi. Da ya buɗe, dawar ta yi ja wur.

Ya ce, "Abu ɗaya. Kada kowa ya kai ta baki. Kada kaza ta tsattsaga, mutuwa za ta yi. In ka taɓa, ka wanke hannu da toka."

Daga nan suka tafi gona. Malamin ya fito da igiya ya yi awo, ya kafa turaku huɗu masu farin fenti a tsakiyar gonar, daidai inda ake jibge taki, inda dawa ta fi yin kyau. Ya ce a cikin turakun za a shuka jan irin, sauran gonar kuma a shuka kamar kullum, da kaka a gwada.

Mailafiya ya dawo gida yana ta jujjuya maganar. Shi dai bai taɓa ganin an kafa turke mai fenti a gonar mutum an wanye lafiya ba. Malaman taki, masu auna gona da takun ƙafa, sun yi awo, haraji ya ƙaru. An kafa wa Audu maƙwabcinsa irin waɗannan, shekara ba ta zagayo ba hanya ta bi ta kan gonarsa. Yanzu kuma ga wannan, kuma Lawal ne ya turo shi.

Ya ce wa Luba, "Kin ji fa. Abin da ke kashe kaza, wai shi zai raya dawa. Kuma duk faɗin gonar bai ga wurin awo ba sai cibiyarta. A kashe mini iri a wuri mai kyau, da kaka Lawal ya zo ya ce, ka gani, gona ta mutu. Malamin ya samu ɗinkinsa kyauta, Lawal ya samu mai saye."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ƙanenka ne."

"Da ba ƙanena ba ne ai da ba shi da rabi."

Ya ɗauki gorar zai je ya juye ta a kududdufi. Luba ta tare ƙofa. "Agwagin mutane fa? Kuma wannan ba irin Baba ba ne? Tun da nake ban taɓa ganin an zubar da hatsi a ruwa ba. In ba ka so, mai da shi ƙasa inda ya fito."

Ya rataye gorar a zaure, can sama.

Ruwan shuka ya sauko ran wata Laraba da la'asar. Shuka kuwa ba ta jiran kowa, in ƙasa ta jiƙa yau, gobe da sassafe kowa na gona. Malam Maharazu yana can ƙauye wajen wasu gonakin, babu wanda zai tsaya a kansa. Mailafiya ya ɗauki sungumi da ƙwarya. Ya sare ramuka a cikin turakun, ya bi ya zuba farin irinsa wanda magani bai taɓa ba, yana binnewa da diddige. Haka ya yi wa sauran gonar.

Da rana ta take, saura gorar. Ya nufi ƙarshen gonar, gindin badala, wani lungu mai tsakuwa da ya daɗe da barinsa. Niyyarsa ya haƙa rami guda ya juye. Amma hannun manomi bai iya juye iri ba. Kafin ya ankara ya sare layi shida, yana jefa ƙwaya biyar biyar kamar yadda ya saba. Ya wanke hannu da toka ya tafi.

Kwana biyar jan irin ya tsiro, ko rami ɗaya bai faɗi ba. Mailafiya ya tsaya a kansa ya ce, "Daga baya zai mutu." Bai mutu ba. Da noman firi, wato noman farko, ya zo, ya nome lungun, yana cewa don kada ciyawa ta shigo masa gona ne kawai. Malamin ya zo sau biyu da damina, ya zagaya turakunsa, ya yi rubutu, ya ce, "Baba, ka shuka yadda na ce?" Mailafiya ya ce, "Ga ta nan kana gani."

Da dawa ta fid da kai ta fara zuba ƙwaya, shi ya fara gani. Cikin turaku, zangarniya ɗaya cikin uku baƙa ce. Sauran gonar ma haka. Ya taka zuwa gindin badala, ya bi layi shida nan kai da kai. Zangarniyun ƙanana ne, don wurin ba taki, amma duk wadda ya murza sai ƙwaya mai tauri. Ya sake bi daga ƙarshe zuwa farko yana neman baƙa guda ɗaya da zai kafa hujja da ita. Bai samu ba. Ya koma gida ya ƙi cin tuwo, bai kuma gaya wa kowa ba, har Luba.

Ran da za a fara girbi, Malam Maharazu ya zo da safe, Lawal na tare da shi. Malamin ya shiga cikin turakun yana murza zangarniyu, hannunsa ya yi baƙi ƙirin har wuyan hannu. Ya fito ya duba na waje, ya koma ciki. Fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Ikon Allah. Ko kaɗan babu bambanci. Gona goma sha ɗaya na gwada, wannan ce kaɗai ta kaura. To sai in rubuta musu cewa garin ba ya yi wa kaura aiki. Baɗi ba za a turo shi nan ba." Ya sunkuya ya fara tuge turke.

Lawal ya kaɗe rigarsa. "Yaya, ka ji da kunnenka. Har magani an yi mata ta ƙi. Ni gobe zan shiga Mandawari."

Mailafiya ya dubi turken da ke hannun malamin. Wanda zai ƙwace gona ba ya tuge turkensa da kansa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, mai da turken nan. Ku biyo ni."

Ya kai su gindin badala. Ya karya zangarniya ya miƙa wa malamin. "Ga jan irinka nan. Wancan na cikin turaku nawa ne, fari, ba magani."

Malam Maharazu ya tsaya da baki buɗe. "Don me, Baba?"

"Don na ɗauka kashe mini gona kuka zo yi, kai da shi."

Lawal ya ce, "Ni? Ni da na bar keken ɗinki na yini guda ina roƙonsa ya zo? Yaya, wannan shi ne abin da ka ɗauke ni?"

"Kai ka fara maganar sayarwa."

"Na yi, don ina jin yunwa, ba don ni ɓarawo ba ne."

Malamin dai ya bi layin nan shida yana murzawa, yadda Mailafiya ya yi. Da ya gama ya dawo, bai yi murna ba, sai ma ya haɗe rai.

"Ta ina zan san gaskiya kake faɗa yanzu? Sau biyu na tambaye ka da damina. Wataƙila wannan wani iri ne ka samo a kasuwa. Wataƙila tsakuwar wurin ce. Ni abin da ban gani da idona ba, ba na rubutawa."

"Ƙarya nake yi ke nan?"

"Ai ka taɓa yi, Baba."

Ba a taɓa gaya wa Mailafiya irin wannan ya yi shiru ba, amma ran nan ya haɗiye. Ya ce, "To me kake so?"

"A sake baɗi. Gorar iri tana hannuna, ba naka ba. Ran da ruwa ya sauka, ko ina nake zan hau keke in zo, a gabana za ka shuka. Rabin gona da magani, rabi babu."

"Rabi babu? Ka ga abin da burtuntuna ta yi mini, ka ce in sake shuka rabin gona tsirara? Kai, anya kuwa ba ku haɗa baki ba?"

Lawal ya tuntsire da dariya duk da ransa a ɓace yake. "Ka ji shi kuma!"

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta yi zafi. Daga ƙarshe malamin ya yarda a bar kashi ɗaya cikin huɗu ba magani, don in babu abin gwadawa, in ji shi, aikin banza ne. Mailafiya ya ce wannan kashin a gindin badala zai kasance.

"A'a," in ji malamin. "Rabinsa a tsakiya."

Mailafiya ya yi tsaki, ya juya ga ƙanensa. "Kai fa? Mandawarin?"

Lawal ya karɓi zangarniyar, ya ɓare ƙwaya ya ciza, ya tauna. Sannan ya ce, "Damina ɗaya, Yaya. Kuma ran shuka da ni za a zo, don ni ma yanzu ban yarda da kai ba."

Malamin ya tattara turakunsa zai ɗaure a bayan keke. Mailafiya ya riƙe sirdin. "Bar su. Baɗi ba za a kafa mini mai fenti ba. Ni zan saro nawa a jikin marken can, ni zan kafa, kai dai ka nuna wuri."

"To waɗannan me za ka yi da su?"

"Su zauna a zaurena inda nake ganinsu."

Ya ɗaure su da igiyar rama ya saɓa a kafaɗa. Da suka tafi, ya koma gindin badala ya yanke zangarniyun layi shida nan daban, ya yi musu ƙaramin dami. A gida ya hana Luba sussuka su a turmin da aka sussuka sauran.