Dutsen da Ke Falonmu

Sau uku Kyaftin, malaminmu na tuƙin jirgin sama, yana kayar da ni a na'urar gwajin tuƙi. Taswirar sauka cikin gajimare nakan karanta ta tsaf har bakin titin jirgi, amma layukan da ke faɗin abin yi idan ka sauko ba ka ga titin ba, tsallake su nake yi. Ni sauka na zo koyo, ba fasa sauka ba.

"Da a sama muke, da kin rungumi dutsen nan na dama," in ji shi.

Na koma gida raina a ɓace. Na naɗe kafet ɗin falo, na zana taswirar da alli a kan siminti. Kujerar Baba ta faɗo daidai inda dutsen yake, shi kuwa yana kai yana jin rediyo.

"Baba, kai ne dutsen. Don Allah kada ka motsa."

Na lulluɓe kaina da tawul a matsayin gajimare, ina takawa ina faɗi: ƙafa dubu, ɗari huɗu, babu titi, ƙara wuta, juya hagu. Sai ga ni a kan gwiwarsa.

"Fasinja nawa kika ɗauko?" ya tambaya.

"Ɗari da tamanin."

"Allah ya jiƙansu. Sake."

Kwana biyar muna yi.

Ranar Litinin, a na'urar gwajin, Kyaftin ya rufe titin da gajimare. A ƙafa ɗari huɗu na ƙara wuta, na karkata hagu, ko taswirar ban kalla ba. A wurina ba dutse ba ne a dama, mahaifina ne zaune.