Saiwar Waken Gonar Baba

Chizuru Hamaguchi ta dawo gida Japan bayan an binne mahaifinta da daɗewa. Karatu ya riƙe ta a Turai. Ta samu aiki a wani ɗakin bincike a birnin Sendai, inda take wuni hannuwanta cikin akwatin gilashi, tana ciro wani sinadari mai suna enzayim daga ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a ƙulluttan saiwar waken suya. Enzayim ɗin ne ke kamo naitirojin, takin da shuka ke buƙata, ya ciyar da ita. Da iska ta taɓa shi sai ya mutu.

Gonar mahaifinta ba ta taɓa ganin takin zamani ba, amma wakenta ya fi na kowa a ƙauyen. Chizuru tana son ta san wace bakteriya ce a ƙasar nan. Kullum tana cewa sai ta samu hutu. Tana cikin wannan jira yayanta ya sayar da gonar ga masu gina rumbun kaya.

Ta buga wa ƙanwar mahaifinta waya.

"Gwaggo Tomie, ki tumɓuko min waken Baba ki aiko. Da saiwarsa, da ƙasarsa."

"Kin tuna da mu ke nan, Dakta? To, na ji."

Akwatin ya iso a naɗe cikin ƙyalle mai kyau. Ciki ɗanyen wake ne, kore shar, an wanke shi tas, an jera, an ɗaure shi dami da igiya. Babu saiwa ko ɗaya. Ta sake buga waya.

"Gwaggo, ina saiwar?"

"Na yanke mana. Ke, a aika wa mutum tsaraba da taɓo har wurin aikinsa? Abokan aikinki su ce mu ƙazamai ne? Da buroshi na bi shi."

"Taɓon nake so."

"Turai ta taɓa miki kai. Ki dafa da gishiri, yadda ubanki yake ci."

"Ki koma ki ɗebo min ƙasa, ko cikin kofi ne."

Gwaggo ta ce, "Shekaranjiya suka zuba kankare, 'yar nan."

Chizuru ta ajiye wayar. Ta zazzage akwatin a kan tebur, ta bi kowane kwanso da madubin ƙara girma. Abokin aikinta Kuwabara ya leƙo, ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya.

"Taɓa ka gani," in ji ta.

"Rowa kan wake, Hamaguchi? Haka suka koya miki can?"

A cikin ƙullin igiyar da aka ɗaure damin ta samu ɗan ɗigon baƙar ƙasa, bai kai ƙwayar riɗi ba. Ta narkar da shi, ta shafa a farantin rainon bakteriya, ta rufe.

Bayan mako guda wani farin abu ya tsiro a gefe. Zai iya zama na gonar. Zai iya zama na lambun Gwaggo, ko na ƙasan motar masu kai kaya. Babu sauran ƙasar da za ta gwada shi da ita.

Kuwabara ya ɗauko alƙalami. "Me zan rubuta a murfin? Daga ina?"

Ta daɗe tana kallon farantin.

"Bar wurin haka tukuna," in ji ta.