Ganda a Gwiwar Haulatu

A unguwar Madinat Khalifa, can wata ƙasar Larabawa, a hawa na biyu na wani tsohon bene, Malam Zulkiflu yake zaune da matarsa Khadijat da 'yarsu Haulatu mai shekara tara. Shi yana kula da injinan sanyi a wani otal a Lusail. Ƙofar da ke kallon tasu ta Anti Basiratu ce, nas 'yar Zongon Kumasi. Gidan ba a rasa shinkafa ko kaji, amma an rasa ganda, domin babu mahaucin da ke babbake fatar shanu a kusa. Haulatu kuma abin da ta rasa shi ne haƙuri.

Ta faɗi daga kan keke a bakin titi, gwiwarta ta tsage, aka yi mata ɗinki a asibiti. Da aka cire zaren, likita ya ce ta riƙa tafiya a hankali, amma ban da gudu, ban da tsalle, sai an kwana biyu. Matsalar ita ce makarantarsu ta sa gasar tsallen igiya mako mai zuwa, kuma duk ajin sun san babu wanda ke kama ƙafar Haulatu.

"Anti, ai ya rufe," in ji ta, ranar da Anti Basiratu ta shigo canza mata bandeji. "Duba ki gani. Ko jini babu."

"Sama ya rufe. Ƙasa ana kan aiki."

"Wane ne ke aikin?"

"Jikinki. Yana saƙa wani abu mai kama da zare, sunansa kolajin. Shi ke riƙe fata da jijiya. Kin san wele?"

"Mene ne wele?"

Khadijat ta yi dariya daga kicin. "Ganda take nufi. Mutanen Zongo sai sun canza wa komai suna."

"Ku ne kuka canza," in ji Anti Basiratu. "To, taurin nan na ganda, duk kolajin ne."

Ta ɗaure bandejin ta tafi aiki. Haulatu ta bi gwiwarta da kallo, irin kallon da uwarta ba ta cika yarda da shi ba.

An yi dace, ko rashin dace, a makon ne wani abokin Malam Zulkiflu ya dawo daga Kano da ƙullin busasshiyar ganda. Malam ya karɓe ta da hannu biyu, ya ce ranar Juma'a za a yi farfesu. Ya gayyato Kawu Ɗantala, ƙanin Khadijat, mai gadin wani sito a Sanaiya, unguwar masana'antu, wanda aka san shi da yawan leƙa kicin.

Tun ranar Alhamis aka jiƙa gandar, aka kankare, aka yanka. Da safiyar Juma'a tukunya ta hau wuta. Mazan suka tafi masallaci, Khadijat ta shiga wanka, Haulatu ta ɗauki cokali mai yatsu.

Lissafinta ba shi da wuya. In kolajin ne ke ɗinke ciwo, kuma ganda kolajin ce, to mai son warkewa da wuri sai ya ci ganda da yawa. Ta ci ɗaya, ta ci biyu, tana hura baki saboda yaji. Ta ci gaba har romon ya fara yi wa naman yawa. Sai wani tunani ya zo mata: daga baki zuwa gwiwa akwai nisa, wa ya san ko kolajin ɗin zai ɓata hanya ya tafi kunne? Ta zaɓi yanka mai faɗi, ta ɗauraye shi a famfo, ta ɗora a kan tabon, ta mayar da bandeji, ta saki siket.

Da aka zuba farfesu a kwano, Malam Zulkiflu ya juya cokali, ya sake juyawa.

"Maman Haulatu, gandar nan ta narke ne?"

"Ganda ba ta narkewa haka, Malam."

Duk suka juya suka kalli Kawu Ɗantala.

"Yaya, tare fa muka je masallaci! Sahu ɗaya muka tsaya!"

"Ka tafi alwala ka daɗe."

"Daga masallaci zan rugo nan in ci ganda in koma? A wannan zafin ranar? Wallahi ko kafil ɗina, Balaraben da ya ɗauko ni aiki, bai taɓa yi mini sharri irin wannan ba."

Haulatu ta ce ita ba ta jin yunwa. Wannan ma ya isa ya tona ta, amma hankalin kowa yana kan Kawu.

Da la'asar ta yi sanyi, aka ba ta shara ta kai ƙasa. Unguwar cike take da maguna, suna kwance ƙarƙashin motoci. Wata farar mage ta ɗaga kai, ta shinshina iska, ta taso. Wata mai ido ɗaya ta biyo baya. Kafin Haulatu ta kai ga kwandon shara, rundunar ta kewaye ta, kuma babu wadda ta kalli ledar da ke hannunta. Duk gwiwar hagu suke so.

"Kyas! Yalla, ku tafi! Khalas!"

Maguna ba su ji Hausa ba, ba su ji Larabci ba. Gudu kuma an hana ta. Haka ta dawo tana ɗingishi, suna biye da ita har matattakala, inda ta yi kiciɓis da Anti Basiratu tana dawowa daga aiki.

Anti ta kalli magunan, ta kalli siket ɗin. "Me ke cikin bandejin nan?"

"Magani."

A falo aka kwance shi, a gaban kowa. Yankan ganda ya faɗo kan tabarma.

Kawu Ɗantala ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama. "Allah mai sakayya! Yaya, ina jiran ban haƙuri, da sauran romon."

Malam Zulkiflu ya so ya yi faɗa, amma dariya ta riga shi. Anti Basiratu ba ta yi dariya ba sai da ta wanke wurin da kyau, ta duba, ta ga bai buɗe ba, ya dai yi ja saboda ragowar yaji.

"Kin yi sa'a," ta ce. "Da akwai ƙofa a ciwon, da ƙwayoyin cuta kika kai wa abinci. Kada ki ƙara ɗora komai a nan."

"Ke kika ce kolajin ne."

"Na ce. Amma wannan na saniya ne, ya gama aikinsa a jikinta. Wanda kika ci ma, cikinki zai farfasa shi kamar kowane abinci. Jiki ba ya karɓar saƙaƙƙe, kayan saƙa yake karɓa ya yi nasa."

"To ai ya yi. Ya rufe."

Anti ta ciro auduga daga jakarta, ta yago kaɗan ta miƙa mata. "Ja."

Haulatu ta ja, audugar ta rabu ba wahala.

Anti ta sake yago wata, ta ɗora a cinya ta murza, ta murza, har ta zama zare. Ta yi uku haka, ta tufke su kamar kitso. "Ja wannan."

Haulatu ta ja har yatsunta suka yi fari. Bai tsinke ba.

"Auduga ɗaya ce," in ji Anti. "Da farko jiki sauri yake yi ya toshe rami, sai ya watsa zaren ko ta ina, sirara. Gwiwarki yanzu tana nan. Daga baya yake komawa ya canza su da masu kauri, ya jera su ta inda fatar ke jan kanta in kin lanƙwasa ƙafa. Shi ya sa aka ce ki yi tafiya a hankali, yana koyon inda zai jera. In kika yi tsalle yanzu, kin ja audugar farko."

"Sai ya tsage?"

"Zai iya. Sai sabon ɗinki, a koma farko."

Haulatu ta daɗe tana juya zaren a hannunta. "In na ci lemo fa?"

"Lemo yana taimakon masaƙan, ƙwai da wake ma haka. Amma ba sa mayar da wata ya zama mako."

Ranar gasar, ita da kanta ta je ta gaya wa malamarsu a cire sunanta. Aka ba ta bakin igiya ta riƙa kaɗawa, tana tsaye wuri ɗaya. Shakira, wadda kullum ke zuwa ta biyu, ita ta ci. Haulatu ta ɗan ƙara wa igiyar sauri a ƙarshe don ta gani ko za ta harɗe, ba ta harɗe ba, sai ta tafa mata tare da kowa.

Ta gane cewa ciwon da ya rufe bai gama warkewa ba, kuma ƙarfin fata jiki ne ke saƙa shi da kansa, a hankali.